Gwangwanin Babanku

Nana, ranar sunan jikarki muna zaune a tsakar gida ana rabon goro, na ji kin ce wa ƙawarki:

"Innarmu ai ko garata ba ta yi ba. Sai garin Rabah anka kai anka yi."

Kowa ya yi dariya, ni ma na taya ku. Amma ni na haife ki, na san dariyarki ta gaske, na kuma san ta yaƙe. Shekara talatin da ɗoriya kina ɗauke da wannan magana, ni kuma ina ɗauke da amsarta. Da na so in tafi da ita kabari, don ba tawa ba ce ni kaɗai. Sai ga shi makon jiya matar Aminu ta bugo waya tana kuka, wai likita ya auna shi ya ce ciwon sukari ne, irin na babanku. Shi ya sa na nemi littafi da biro. Bokona na ajin manya ne, rubutuna kamar kaza ta bi ta cikin laka, sai ku yi haƙuri ku karanta a hankali. Ku biyar ɗin duka nake yi wa, amma Nana da Aminu su fi kasa kunne.

Ba wanda ya manta ɗan gwangwanin tumatir ɗin nan da babanku yake cin abin taɓawa a cikinsa. Kuna yara kun mayar da shi abin tsokana, kuna raɗa a bayan rumbu cewa Inna marowaciya ce, ta auna wa Baba gyaɗa kamar magani. Kuna tsammanin ba na ji. Ina ji sarai, kuma yana yi mini zafi. To labarin gwangwanin nan da labarin garar Nana abu ɗaya ne, ba kuwa za ku gane shi ba sai na fara muku daga gidan da na fito da gidan da aka kawo ni.

Mu mutanen Maikujera ne, manoman gero da dawa. A gidanmu da kwano ake nuna wa mutum matsayinsa. Maigida shi ke da babban akushi, a cika shi har murfi ya ƙi zama, ya ci ya bar saura a kwashe wa yara. Idan ya cinye tas, to an bar shi da yunwa ke nan, matar gidan kuma ba ta da bakin magana a cikin mata. Ranar da za a kawo ni Wurno, innata ta ja ni ɗaka ta yi mini faɗan da ake yi wa amare, na manta rabinsa, amma wannan ban manta ba:

"Dije, kak ki bari mijinki ya ga gindin kwano. Ranad da yag gani kin ji kunya, mu ma mun ji."

Gidan su babanku kuwa gidan karatu ne tun kaka da kakanni, kuma nasu horon daban. Su a wurinsu ba a barin saura. An koya musu cewa mutum bai san lomar da albarka take ciki ba, wataƙila ita ce ta ƙarshe, don haka abin da aka ajiye a gabanka sai ka suɗe shi. Yaron da ya bar tuwo ba a dukansa, zaunar da shi ake yi a gaban kwanon har ya gama, ko da abokansa sun tafi wasa. Babanku da wannan ya tashi, ya shiga jikinsa har bai san yana yi ba. Ku duba yadda Allah ya haɗa mu: ni an ce kada in bari ya ga gindin kwano, shi an ce kada ya tashi sai ya gani.

Makon farko na cika masa akushi, ya dawo da shi kamar an wanke. Na ce a raina na bar mijina da yunwa. Washegari na ƙara malmala biyu, ya cinye. Na ƙara, ya cinye. Rana ta shida na leƙo na same shi ya jingina da bango yana gumi, ya kwance mazagin wando.

"Dije, don Allah mu nawa kika dahwa ma?"

"Kai ɗai, Malam."

"To ni ɗai ɗin na kusa cikawa."

Muka yi ta dariya. Amma ni ban gaya masa abin da innata ta ce ba, shi ma bai gaya mini horon gidansu ba, kowa yana ganin nasa shi ne abin da duniya duka ta sani. Na ɗan rage, ba da yawa ba. Shekaru da yawa abin bai cutar da shi ba, don tuwon dawa ne da miyar kuka, kuma aikinsa na ƙafa ne. Malamin ruwa ne a fadamar Wurno, shi ke bin hanyoyin ruwa yana buɗe wa masu shinkafa da masu albasa yana rufewa. Tun hantsi yake tafiya har azahar. Abin da ya ci, gona take karɓewa.

Sannan aka zo aikin dam ɗin Goronyo. Ku ƙanana ba za ku tuna yadda ƙasar nan ta cika da baƙi ba. Manyan motoci suna wucewa ta bakin gari dare da rana, leburori da direbobi da magina daga ko'ina, kowa da albashi a aljihu, ba mace a kusa da za ta dafa masa. Fulawa da sukari da madarar gari, waɗanda da sai sallah ko biki ake ganinsu, suka zama kayan kowane teburi. Yayana, kawunku Ummaru, ya kafa teburi kusa da inda ma'aikatan suke sauka. Ni kuma dama ina ƙuli-ƙuli a cikin gida, sai na fara aika masa. Bai yi wata ba ya zo Wurno da kansa.

"Dije, ƙuli-ƙuli ɗai ba ya tsai da mutum bakin tebur. In ya ci biyu sai ya ce ya ƙoshi. Amma aza mashi wani abu daban kusa, ki ga ciki ya buɗe sabuwar ƙohwa."

Na ƙara cincin. Na ƙara kantun riɗi. Daga nan sai alkaki da nakiya da dubulan, kayan da ba a saba ganinsu ba sai a garar amarya, na mayar da su na kullum. Daga baya wata matar direba ta koya mini gullisuwa, ya zama iri bakwai. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Alkakina idan kin ɓalla shi zuma take biyo yatsa, kuma yana wata bai yi ɗaci ba. A lokacin ne kuma leda ta shigo. Da ƙirgawa muke yi a tafin hannun mai saye, ko mu naɗe a takarda. Da leda ta zo sai muka fara ƙullawa, ƙarama da babba. Kawunku mutum ne mai lura, wata rana yana ba ni labari yana dariya:

"Direban da yas sayi ƙarama, kahin ya kai mararrabar Wurno ta ƙare, ya share baki ya ce alhamdu lillahi. Wanda yas sayi babba, ita ma nan taka ƙarewa. Ba ciki ka hwaɗin ya isa ba, leda ka hwaɗi."

Na yi dariya na ce to sai mu yawaita manya. Ko kusa ban kawo a raina cewa maganar gidana yake yi ba.

A shekarar ne aka ƙara wa babanku girma. Aka ɗauke shi daga bin ruwa aka zaunar da shi a ofis, aka ba shi babur. Mutumin da yake kashe takalmi biyu a shekara ya koma ko masallacin Juma'a sai a kan babur. Ni kuma al'adar da na tashi da ita ita ce duk abin da aka soya a gida, maigida ake fara kai wa ɗanɗano. Lokacin da nake iri ɗaya, ƙuli-ƙuli biyu ne. Da na koma iri bakwai sai ɗanɗano ya zama bakwai. Ga kuma gutsattsarin da ba ya shiga leda, wanda ya karye a kasko ko ya ɗan yi duhu, ba za a sayar ba, ba kuma za a zubar ba. Ina da wani babban tire mai furanni cikin kayan ɗakina. Kullum bayan la'asar, idan ya dawo ya zauna a zaure da littattafansa kafin masu ɗaukar karatu su zo, sai in shirya masa shi gwanin sha'awa, kowane iri da gefensa. Yana karatu hannu yana zuwa yana dawowa. Idan zaƙin alkaki ya ishe shi ya koma kan cincin, idan wannan ya gundure shi ga nakiya mai yaji-yaji. Kafin magariba tire ya koma fes, tuwon dare kuma yana nan yana jiransa.

Ya yi ƙiba, wuya ya cika, fata ta yi sheƙi. Ni kuwa daɗi kamar me. Kakarku Dada, mahaifiyarsa, da take sashenta a cikin gidan, ta dube shi wata rana ta ce:

"Yanzu kam ɗana ya yi kama da mai mata."

Ban taɓa jin yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan ba, don Dada ba ta yabo da arha. Washegari na ƙara cika tiren.

Da bazara ta shigo ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, muka ce zafi ne. Na fara ganin tururuwa tana taruwa a makewayi inda yake kama ruwa, na zuba toka na wuce. Sai ya yi tuntuɓe a bakin ofis, babban yatsan ƙafarsa ta dama ya fashe. Ciwon da ya kamata ya bushe cikin mako ya yi wata biyu yana ruwa, daga baya ya fara baƙi. Aka kai shi asibiti Sakkwato, na bi su. A can aka cire yatsan. Likitan ya tambaya wa ke ba shi abinci, na ce ni ce. Ya yi mini bayanin ciwon sukari, rabin maganar ban gane ba, amma abin da ya yi da hannunsa na gane. Ya aza gefen tafinsa a idon sawun babanku.

"In aka ci gaba yadda ake, nan za mu dawo."

Ya matsar da hannun zuwa gwiwa.

"Sannan nan."

Duk hanyar dawowa ina kallon ƙafar nan a naɗe da bandeji, ina tuna tiren nan mai furanni. Da hannuna na yi, kuma da so na yi. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Na daina kai tire. Amma sana'a ban daina ba, na ce ai zan iya raba kasko da zaure. Wauta ce. Gida kullum yana ƙamshin tuya, masu dubiya suna zuwa, kowa ya tsaya wurina ya sayi leda ya shiga da ita zaure, don ba a zuwa gaida mara lafiya hannu sake. Ina hana wannan, wancan ya wuce. Wata la'asar na shiga ɗauko kofi, na same shi zaune, a hannunsa babbar leda ta dubulan, ba komai a ciki, ya ninke ta huɗu. Nana, ke kika kai masa. Kin ga an hana shi, tausayinsa ya kama ki, kika ɓoye a mayafi. Ban taɓa gaya miki na sani ba, kuma ba don ki ji ciwo nake faɗa yanzu ba. Abin da kika ga uwarki tana yi tun kina goye shi kika yi.

Na buɗe baki zan yi faɗa, don kun san ni da saurin hawa. Ya ɗaga mini hannu.

"Zamna, Dije."

Na zauna.

"Ba yunwa nika ji ba. Tun na ukku raina ya hita. Amma ɗiyata ta kawo mani, kuma an buɗe. Ni ban iya barin saura. In kin aje mani masaki sai na ga gindinai, in ludayi kinka aje shi ma hakanan."

Ya juya ledar a hannunsa. Sannan ya ce:

"Na karanta inda anka hana ɓarna, na karanta inda anka hana cika ciki. Dut na karantad da su. Na hwarko ɗai hannuna ya hardace."

Shekara ashirin muna tare ban taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa ba sai ranar. A nan ne na gaya masa abin da innata ta ce da ni ranar aure. Ya dube ni, na dube shi, muka rasa ko dariya za mu yi ko kuka. Sannan ya roƙe ni abu ɗaya.

"Kak ki hwaɗi ma kowa muddin ina da rai. Mutane na zuwa ɗaukar karatu wurina. A ce Malam ba ya iya tsai da hannunai bisa dubulan?"

Na yi masa alkawari. Ban san nauyinsa ba lokacin da na ɗauka.

Na koma madafa ina neman abin da ya fi ƙanƙanta a gidan. Kwanonina duka manya ne, innata ta tabbatar da haka. Sai idona ya faɗa kan gwangwanin tumatir da na buɗe da rana. Na daddake bakinsa da dutse don kada ya yanke shi, na wanke da toka. Washegari da la'asar na zuba soyayyar gyaɗa a ciki na kai masa, ina jin kunya, kamar innata tana tsaye a bayana. Ya ci yana karatu. Da yatsansa ya taɓa gindin gwangwanin ya leƙa, ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da karatunsa. Bai nemi ƙari ba, bai ma ɗago kai ba. Ashe duk shekarun nan gindin kwano yake nema, ni kuma ina ta nisanta masa shi. Na koma ɗaki na yi kukana, sannan na nemo ƙaramin kwanon sha na mayar da shi na tuwonsa.

Saura sana'a. Muddin iri bakwai suna cikin gidan, wani zai kai masa, kuma ba zai iya mayarwa ba. Na aika wa kawunku cewa daga yau ƙuli-ƙuli kaɗai zai samu. Bai aiko da amsa ba, da kansa ya zo.

"Shekarad da kasuwa tab buɗe baki za ki ruhe kasko? Mi as same ki?"

"Idona ba ya son hayaƙi, Yaya."

"Ƙuli-ƙulin da ruwan sanyi kika toya shi?"

Ya tafi ransa a ɓace, ya sami wata mata a Goronyo ta ci gaba da yi masa. Teburinsa ya zama shago, matar nan ta riga ni zuwa Makka da shekaru masu yawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar da na ji ta dawo da haƙorin zinari na kasa cin abinci. Alkakinta ma bai kai nawa ba, na ɗanɗana.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan na Dada. Ta shigo zaure ta same shi da gwangwani a gaba.

"Wanga mi na? Ɗan malamai, jikan malamai, cikin gwangwani kamar ana ba tantabara ruwa?"

Ta juyo kaina.

"Da kina samu da shi kin cika mashi tire. Yanzu ya rasa yatsa kin ga ya rage daraja ko?"

Na dubi babanku ina jiran ya ce wani abu. Ya sunkuyar da kai yana kallon littafi. Ranar na ji haushinsa ƙwarai, na kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Daga baya na gane ba zai iya ce wa uwarsa horon da ta yi masa shi ke neman ƙafarsa ba. Dada ta daina cin abincina, kullum kwanonta ya dawo yadda na kai shi, ita da ba ta barin saura. Labari ya kai Maikujera, innata ta hau motar kasuwa ta zo.

"Mi nac ce maki ranad da anka kawo ki?"

"Inna, likita ya ce..."

"Likita ya aurad da ke?"

Haka na zama marowaciya a gidan miji da gidan uba lokaci ɗaya, ku ma kuna taya su daga bayan rumbu. Abin da ya riƙe ni shi ne duk safiya idan na kwance bandejin ina ganin ciwon yana ƙanƙancewa. Yana shan maganinsa, ya ajiye babur sai tafiya mai nisa, ya koma taka ƙafa zuwa ofis yana ɗingishi.

Ana cikin haka aka sa bikinki bayan kaka, Nana. Tun kafin a sa rana matan unguwa suke cewa za a ga garar da ba a taɓa gani ba a Wurno, tunda 'yar mai alkaki ce. Ke ma haka kike jira, ni ma tun kina ƙarama nake tanadin wannan rana a raina. Amma kin san yadda ake gara. Mako guda ana tuya a gidan amarya, gwaggonni da innoni duk sun taru, kuma duk wadda ta sauke kaskonta sai ta kai wa uban amarya ɗanɗano da farantinta. Gwaggonninki shida ne. Wace zan tare a bakin zaure? Me zan ce mata? Shi kuma wace zai mayar wa da faranti da saura? Ciwon bai fi wata biyu da rufewa ba. Na kwana uku ina juya abin, sannan na ɗaure shinkafa da alkama da zuma na aika Rabah wurin ƙanwata, na ce a can za a yi.

Kin same ni ina tankaɗe, kin tsaya a kaina.

"Inna, mi na yi maki?"

"Ba ki yi komi ba. Idona na ba ya son hayaƙi."

Kin daɗe kina kallon idon nan, lafiyarsa ƙalau. Kika juya kika tafi, ban kira ki ba. Da na kira ki da na faɗa, in kuwa na faɗa sai maganar leda ta fito, ki shiga gidan miji da tunanin kin kusa raba ubanki da ƙafarsa. Na ga gara ki tafi da haushina.

Ga abin da ba ki sani ba. Kin tuna ana saura kwana biyar biki na ce zan je dubiya Maikujera, har mata suna gulmar uwar amarya ta bar gida a irin wannan lokaci? Rabah na tafi. Kwana biyu na yi a bakin kasko a bayan ɗakin ƙanwata, na sa ta rantse ba za ta faɗa ba, don in aka ji, ƙaryar ido ta ƙare. Nakiya da dubulan nata ne. Amma alkakin nan da dangin mijinki suka yi ta magana a kansa har shekara ta zagayo, hannuna ne, kowane ɗaya ni na murza shi. Na yi miki gara, Nana. A gidan wata na yi, amma na yi.

Ranar ɗaurin aure babanku ya taka da ƙafarsa har ƙofar masallaci, ya tsaya a cikin mutane, da yatsu tara amma da ƙafa biyu. Na leƙa ta katanga na gan shi yana dawowa cikin farar riga. Duk abin da aka faɗa a kaina shekarar nan, a wannan leƙen na huce.

Dada ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma bayan biki da kamar wata guda, ta ga ɗanta ya koma limancin unguwa yana ruku'u da sujada ba a riƙe shi ba, sai ta kira ni sashenta. Ta ciro wani ɗan akushi baƙi, ƙarami, na aurenta.

"Ki riƙa sa mashi tuwo nan. Ya hi kwanon sha mutunci."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Miyar jiya gishiri ya yi yawa."

Da haka na san ta koma cin abincina. Gwangwanin kuwa ba ta sake maganarsa ba.

Shekara ashirin da biyu babanku ya ƙara bayan wannan. Ya ga aurenku duka, ya yi wa 'ya'yanku huɗuba. Gwangwanin yakan yi tsatsa in sake wani, har na sami wanda ya ƙi lalacewa, shi ne kuka fi sani. Da ciwon ajali ya zo ba ta ƙafa ya zo ba, zuciya ce. Likita ya ce mu koma gida, a ba shi duk abin da ransa yake so. Na tambaye shi me yake marmari, ya yi murmushi ya ce alkaki. Na jiƙa alkama, na ɗora kaskon alkakin da ya yi shekaru a kife. Hannuna bai manta ba. Na ciro tiren nan mai furanni daga ƙarƙashin gado na cika shi, na ce yau kam ba mai hana shi, ni ma ba zan hana ba. Da hantsi ne, yana kishingiɗe a zaure. Ya daɗe yana kallon tiren, sannan ya dube ni.

"Dije, ina gwangwanina?"

Na ɗauko masa. Ya ɗauki alkaki ɗaya ya ɓalla, rabi ne ya shiga, ya miƙo mini ɗaya rabin. Ya ci nasa a hankali, ya suɗe yatsa, ya kife gwangwanin a tafin hannunsa ya nuna mini.

"Kin gani, ban bar saura ba."

Kwana huɗu bayan nan ya rasu, da ƙafafunsa biyu aka yi masa sutura.

Aminu, duk cikin 'ya'yana kai ka ɗauko hannunsa. Na zauna a gidanka na ga yadda kake yi da babbar ledar biskit a gaban talabijin, na ga kuma yadda matarka take cika maka faranti, don 'yar mutunci ce, an yi mata irin faɗan da aka yi mini. Kada kowa ya ga laifinta, kada kuma ku bari ta ɗauki abin ita kaɗai yadda na ɗauka. Ka bi abin da likita ya ce. Na naɗe gwangwanin a tsohon rawanin babanku, zan ba direban da zai kawo muku wannan littafi. Bakinsa a daddake yake, ba zai yanke ka ba. Ka ba matarka shi da hannunka, a gaban 'yan'uwanka, ka ce kai ka roƙa ta riƙa auna maka da shi.